Ni Na Ce Ka Tashi, Delmar

Ranar Asabar, takwas ga watan Fabrairu, wajen ƙarfe huɗu na yamma, Allah ya karɓi ran Delmar Sizemore a barandar zauren wasa na Kwalejin Harlow, yana da shekara saba'in da ɗaya. Ya cika a zaune a ƙasa, ya jingina da bango, kunnensa na dama manne da siminti. A ɗaya gefen bangon kuwa mu mutum dubu huɗu ne muke tsalle muna ihu, saboda ƙungiyar ƙwallon kwandonmu, Alfadarai, ta farke maki goma sha ɗaya ta doke abokan hamayyarmu, Red Fork. Ina cikin masu tsallen. Ni ne Hollis Caudill, tsohon mai raba wasiƙu na garin nan, wanda ya shekara talatin da ɗaya a kujerar da ke hagu da tasa.

Ranar Laraba da muka binne ka, Delmar, bayan an fito daga coci, matarka Opal ta riƙe hannuna a bakin ƙofa. Ba ta kuka. Cewa ta yi, "Ɗan'uwa Hollis, kai ne kusa da shi. Ya yi mini alkawari zai zauna har a tashi. Me ya tayar da shi?" Na dubi takalmana, na ce Allah kaɗai ya sani, ta gyaɗa kai ta sake ni. Ƙarya na yi mata a ƙofar ɗakin Allah. Yau mako uku ke nan ina ɗauke da amsar tambayarta, har da wani saƙo da ka bari. Shekara talatin da huɗu na yi ina raba wasiƙu a kan duwatsun nan, cikin ruwa da ƙanƙara, ban taɓa kwana da wasiƙar wani a jakata ba sai wannan. Shi ya sa na zauna rubutu.

Amma bari in fara da kai, don wanda bai san ka ba ya san abin da muka rasa.

Duk mutumin Harlow ya san teburin da ke jikin taga a gidan abincin Marvella, wanda ake kira teburin maƙaryata. Mu shida ne a kansa kowace safiya, daga shida da rabi har kofi ya huce. Babu wanda ya taɓa horar da ko ƙungiyar coci a cikinmu, amma da baki mun kori koci biyar mun ɗauko biyar. Ni nawa ihu ne, ban ɓoye ba. Na yi imani tsaro na gaskiya shi ne kowa ya kama mutuminsa ya bi shi duk inda ya sa ƙafa, tsaron gurbi kuwa, inda kowane ɗan wasa ke gadin wani yanki na fili, na ragwaye ne. Buford Slone, tsohon direban babbar mota, shi ɗan gurbi ne har ƙashinsa. Mukan yi ta kacaniya har wuyanmu ya yi jijiya, kai kana shan kofinka. Sai mun gaji sannan ka tashi ka bi tebura kana kwashe kwalaben gishiri da na barkono. Gishiri mu ne, barkono abokan gaba, murfin kwalba kuma ƙwallo. Cikin minti biyu ka nuna mana inda wasan ya ɓaci, sai ya zama ni da Buford duk ba mu ga komai ba.

Marvella kan leƙo daga kicin ta ce, "Delmar, dawo mini da 'yan wasanka, ga mutane can suna cin ƙwai lami."

Ka ce, "Yi haƙuri, hajjaju ta gari, saura daƙiƙa tara kuma ana bin mu maki biyu. Wanda ya matsu ya zo ya ɗauki ɗan wasan da ke zaune a benci."

Kowace Litinin kana rubuta wa kocin Alfadarai wasiƙa, da fensir, a takarda mai ruwan ɗorawa, shafi biyu ba ƙari. Kwalejin tana kan hanyata, da ka miƙo mini a tebur da na kai, amma sai ka manna kan sarki ka jefa a akwati. Ka ce abin da ba kan sarki a jikinsa ba wasiƙa ba ce, gulma ce. Koci biyar na kai wa takardunka. Ban taɓa kawo maka amsa ba, kai kuma ba ka taɓa tambayata ko ta zo ba. Babu zagi a cikinsu, na sani, domin kana karanta mana kafin ka liƙe. Ko kocin da duk gari ya tsana, kai da godiya kake fara masa.

Ba a ƙwallo kaɗai aka san ka ba. Kai ma'aikacin lantarki ne, kuma babu gwauruwa a unguwar Tudu da ba ka hau rufinta ka gyara mata waya ba, ladanka faranti ɗaya na wake da burodin masara. Lokacin da matata Nadine ta rasu, shekara takwas da suka wuce, na rufe ƙofata na daina zuwa tebur. Mutane suka yi ta kawo abinci da kalamai masu daɗi, ni kuwa na tsani kowa. Kai ba ka taɓa yi mini ta'aziyya da baki ba. Sai dai kullum shida da kwata in ji hon ɗin tsohuwar motarka a ƙofar gida. Kwana goma sha ɗaya kana zuwa ina ƙin fitowa. A na sha biyu ka sauke gilashi ka ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, ka kira ni da sunan da ka laƙaba mini: "Masinja! Buford na can yana koya wa mutane tsaron gurbi, kuma babu mai zaginsa. Haka za ka bar garin ya lalace?" Na fito da silifa a ƙafa ina zage-zage. A motar nan na fara kukan Nadine, kai kuwa ka ƙara muryar rediyo, ka yi ta zagaya gari har na gama.

Wannan mutumin ne muka hana ganin ƙarshen wasa har shekara talatin da ɗaya.

Abin ya faro ne a sanyin 1994, kuma da wasa ya faro. Red Fork na gabanmu da maki goma sha huɗu, cikinka ya juya saboda waken da ka ci, ka haura matakala ka fita baranda. Kafin ka dawo an yi kunnen doki. Kana shirin zama na tare kujerar da hannu na ce, "Koma! Wallahi koma inda ka fito!" Ka koma kana dariya, muka ci wasan. Tun daga ranar ya zama doka a layin kujerunmu, layi na shida: in aka dawo hutun rabin lokaci ana cin mu, Delmar zai tashi ya je ya yi ta zagaya barandar da ta kewaye zauren, ba zai leƙo ba sai an busa tashi. Yara suka taso suka tarar da abin. Har 'yan makaranta masu ganga sukan juyo su nemi kujerarka da ido in abu ya yi tsami. Gaskiyar magana, sau da yawa ka fita kuma an lallasa mu. Waɗannan ba ma tuna su. Sai mu ce ka makara, ko ka fara da ƙafar hagu. Kai kanka ba ka yarda da abin ba. Ka sha cewa, "Ƙafata ba ta jefa ƙwallo." Amma da ka ga fuskokinmu sai ka tashi, don ba ka iya ganin mutum cikin damuwa kana da abin yi ka ƙi.

Abin mamakin shi ne, ko da ba ka gani, ka fi mu sanin abin da ya faru. Shekara ashirin da shida ka yi kana aikin lantarki a ramin haƙar kwal, inda ka ce mutum da kunnensa yake rayuwa, domin rufin dutse yakan yi magana kafin ya rufto. Da wannan kunnen kake bin wasa ta bango. Ka koya mana cewa in kowa na bin mutuminsa, takalma kan yi ta tsuwa a kan katako ba tsayawa, kamar 'yan tsaki. In gurbi ake tsarewa, sai su yi tsuwa, su yi shiru, su sake. Kana gane busar alƙali ta laifi da ta fita waje. Kana gane ihun maki biyu da na maki uku. Washegari a tebur, mu da muka kalla da idanu huɗu-huɗu, har da na tabarau, mu ne za mu zuba maka ido kana jera kwalabe kana gaya mana lokacin da koci ya sauya dabara.

Wata safiya, ba da daɗewa ba, ka ajiye kofi ka ce, "Kun san ban taɓa ganin an farke ba? Sautinsa kawai na sani." Muka kwashe da dariya, har Buford na dukan tebur. Yanzu da nake tunawa, kai ba ka yi dariyar ba.

Sai maganar Tavon Reedy. Shekara uku yaron nan yana ɗauke da mu a kafaɗarsa, hannunsa ba ya kuskure daga nesa. A bazarar da ta wuce ya sauya sheƙa, kuma ba ko'ina ya tafi ba sai Red Fork, can bayan dutse, mutanen da kakanninmu ma ba su gaisa da su ba ranar wasa. Garin ya ɗauki zafi, ni na fi kowa. Na buga waya gidan rediyo a shirin Litinin na kira shi maci amana da bakina, na zo tebur ina jiran a yaba mini.

Ka dube ni ka ce, "Masinja, koci uku suka bar mu don an ƙara musu albashi, duk mun yi musu liyafar ban kwana, har kai ka yi jawabi. Yaro ya gaji da ana sa shi a inda ba wurinsa ba, ya tafi inda za a bar shi ya yi wasansa, shi ne ya zama ɗan wuta?"

Na ce, "To je ka sayi rigarsu mana, tunda ɗanka ne."

Ka ce, "Ba zan saya ba. Ina son yaron, shi ya sa na san yadda za a kama shi."

Ka jawo kwalaben gishiri huɗu ka jera su kusurwa huɗu a gaban kwando. Ka ɗauko kwalbar yaji ja ka ce wannan Tavon ne. Gishiri na biyar ka manna shi a jikinta, ka yi ta jan su tare a kan tebur. Ka ce huɗu su tsare gurbi, ɗaya ya manta da ƙwallo, ya manta da duniya, ya bi Tavon ko banɗaki zai shiga. Huɗu da ɗaya ka kira shi. Ka ce yaron ba ya son numfashin mutum a wuyansa, in aka yi masa haka minti biyar zai fara fushi, sauran 'yan Red Fork kuwa ba su saba ɗaukar nauyi ba. Ni na ce wannan tsaron 'yan firamare ne, ba kocin da ke da kunya da zai yi shi a gaban mutane. Na ce ranar da Koci Ledford ya yi haka, ni zan wanke wa Marvella kwanuka mako guda. Marvella ta ce ta ji, kuma tana da shaidu. Duk sanyin nan a kan wannan muka yi ta gardama, kuma sau uku ka rubuta wa Ledford a kai. Takwas ga Fabrairu ce ranar da Tavon zai fara dawowa zaurenmu cikin rigar abokan gaba, ka ja mata layi a kalandar Marvella tun watan Nuwamba.

A watan Disamba likita ya ce zuciyarka ta gaji. Ya hana ka hawa matakala, ya hana ka doguwar tafiya. Daga layi na shida zuwa baranda matakala ashirin da biyu ce. Opal ta so ta hana ka zuwa wasa gaba ɗaya, ka roƙe ta, ta yarda bisa sharaɗi ɗaya: za ka shiga ta ƙofar ƙasa, ka zauna, ba za ka tashi ba sai an gama. A tebur ka faɗa mana wannan, ina zaune. Ba zan ce ban sani ba. Wasannin Janairu sun zo mana da sauƙi, ba a buƙaci ƙafarka ba, sai muka manta da maganar.

Ranar Asabar ɗin, ƙarfe biyu aka fara. Tavon ya shigo ana yi masa ihu, da muryata a ciki, shi kuwa ya yi ta zuba mana ƙwallo kamar ba a taɓa ciyar da shi a garin ba. Saura minti tara a tashi yana da maki ashirin da shida shi kaɗai, ana bin mu sha ɗaya. Na ga kawuna sun fara juyowa daga layin gaba. Buford ya ɗaga kai yana kallon rufi, kuma Allah ya san ya fi ni. Ni ne na taɓa gwiwarka.

Na ce, "Tashi, Delmar."

Ka ce, "Yau dai ka bar ni, Masinja. Na yi wa Opal alkawari. Kuma ina so in ga abin da Ledford zai yi."

Na ce, "Ledford ba abin da zai yi, ga shi can tsaye kamar an dasa shi. Zagaye ɗaya kawai, tsoho. A gidanmu yaron nan zai wulaƙanta mu kana zaune? Opal tana gida, wa zai gaya mata?"

Ka daɗe kana kallona. Fuskarka ta yi fari-fari, akwai gumi a saman leɓenka, alhali zauren ba zafi. Na gani. Ina so a rubuta cewa na gani. Ka miƙo mini ledar guggurunka ka ce, "Riƙe mini, kuma kada ka cinye." Ka dafa kafaɗata ka miƙe. 'Yan layin baya suka yi maka tafi, wani ya ce, "Yauwa Delmar, je ka kawo mana shi!" Ka hau matakalar nan ɗaya bayan ɗaya kana riƙe da ƙarfe, kana jan ƙafarka ta hagu da dutse ya taɓa dannewa a rami. Ban bi ka da ido har sama ba, don an ci gaba da wasa.

Ba a yi minti ɗaya da fitarka ba Ledford ya nemi a tsaya, ya tara yaransa. Da suka dawo fili sai na ga huɗu sun ja baya sun tsaya kusurwa huɗu, wani siririn ɗan aji ɗaya kuma ya je ya manne wa Tavon, ƙirji da ƙirji. Kwalabenka ne, Delmar, sak, a kan katako. Na juya in yi maka ihu, sai rigar sanyinka kawai a kan kujera. Ga abin da ya fi ci mini rai: na yi tunanin in haura da gudu in kira ka, ka zo ka ga abinka da idonka sau ɗaya a rayuwa. Har na ɗaga daga kujera. Sai muka jefa ta maki uku, sha ɗaya ta koma takwas, na ce a raina abin yana ci, kada a taɓa shi. Na koma na zauna.

Tavon bai ƙara samun komai ba sai maki biyu. Ya yi fushi, ya ture yaron, aka busa masa laifi, duk yadda ka faɗa. Muka ci da tazarar maki uku. Na haura matakalar nan biyu-biyu kamar ba mai shekara saba'in ba, ledar gugguru a hannu, bakina cike da abin da zan faɗa maka. A kwanar da ke bayan kwandon gabas na tarar da ma'aikatan jinya durƙushe a kanka, sun riga sun daina sauri. Ernestine mai shara na tsaye gefe ta rungume tsintsiyarta.

Shekara ashirin Ernestine tana ganin zagayenka, ita kaɗai ce a barandar nan in wasa ya yi zafi, don ko masu sayar da lemo leƙawa ciki suke yi. Washegarin jana'iza ta same ni a bayan gidan abincin Marvella, hannuna cikin kumfa, domin na fara wanke kwanukan da na yi alkawari. Marvella ba ta tambaye ni dalili ba, ta dai miƙo mini soso. Ernestine ta ce ta zo kawo saƙo, kuma nawa ne, in na ga dama in kai gaba. Ta ce a zagaye na biyu ta ga ka tsaya ka dafa bango, ka sulale ka zauna. Ta jefar da tsintsiya ta kira masu jinya a waya, ta dawo ta durƙusa kusa da kai. Ka ɗaga mata yatsa ka ce ta yi shiru. Ka manna kunne a bango.

Ta ce ka ce, "Kina ji, Ernestine? Huɗu sun yi shiru. Takalmi biyu ne kawai ke ta tsuwa tare." Ta ce murmushi kake yi. Sai ka ce, "Ki gaya wa Masinja na ji. Ya nemi soso." Ka ɗan huta, numfashinka na sama-sama, ka ƙara da cewa, "Kuma ki ce masa kada ya gaya wa Opal na tashi. Kashe ni za ta yi."

Ba ka sake magana ba. Ka ɗauka gida za ka koma da yamma, ka cire takalmi, ka yi mata ƙaryar cewa kana zaune har aka tashi, ni kuma in rufa maka asiri kamar yadda muka saba.

Koci Ledford ya zo jana'izarka. Buford bai iya haƙuri ba, ya tare shi a wajen motoci ya tambaye shi ko wasiƙarka ce ta sa shi. Ledford ya ce, "Ina karanta wasiƙuna," ya shiga mota. Tavon ma ya zo, ya tsaya can baya da baƙar riga wadda ta yi masa kaɗan. Ashe da ya sauya sheƙa kai kaɗai ne a garin nan ka rubuta masa ka yi masa fatan alheri. Na so in je in ba shi hannu, na kasa ɗaga ido.

Asabar ɗin da ta biyo baya na je wasa, don ban san inda zan sa kaina ba. An dawo hutun rabin lokaci ana bin mu maki bakwai. Delmar, wallahi sai na ga kawunan nan sun juyo, layi na biyar, layi na huɗu, har masu ganga, duk suna duban kujerarka. Suka tuna, suka mayar da kai da sauri. Ni kuwa hannuna ya riga ya kai inda gwiwarka take zama, iska na taɓa. Na tashi na hau matakalar da kaina. Barandar nan doguwa ce, ga sanyi, ga warin man gugguru, ba kowa. Ban taɓa sanin haka take ba. Shekara talatin da ɗaya nan muke tura ka, mu muna cikin haske muna rungumar juna. Na je kwanar gabas na manna kunnena a inda naka ya kasance. Ban ji tsuwa ba, ban ji huɗu ba, ban ji ɗaya ba, ruri kawai nake ji kamar na injin niƙa. Da na ci gaba da tafiya sai na ji taku a bayana, ɗaya mai ƙarfi, ɗaya ana jan ta. Na tsaya, ya tsaya. Na waiga, ba kowa sai kwandon shara. Ba na cewa kai ne. Na san siminti yana mayar da sauti, kuma na san abin da ke cikin kaina. Amma na zagaya sau huɗu ranar, kuma duk zagayen da shi na yi. An ci mu da maki goma.

A tebur yanzu ba mai taɓa kwalaben. Buford ya daina kare tsaron gurbi, ni na daina zaginsa. Mukan sha kofi mu yi maganar yanayi kamar baƙi.

'Yar'uwa Opal, ga amsarki. Ba mantuwa ya yi ba, ba kuma taurin kai ba ne. Ya tuna alkawarinki, ya ambaci sunanki, ya roƙe ni in bar shi. Ni na ce ya tashi. Na ga fuskarsa, na san abin da likita ya ce, na zaɓi maki goma sha ɗaya. Da na sami damar kiran shi ya dawo, na sake zaɓa. Ba na neman ki yafe mini a takarda, kuma in kin ga dama kada ki sake amsa gaisuwata a coci, ba zan ga laifinki ba. Amma hakkinki ne ki san cewa bai tafi cikin tsoro ba, da murmushi ya tafi, kuma sunanki ne na ƙarshe a bakinsa. Yana tsoron faɗanki har numfashinsa na ƙarshe, kamar yadda ya yi shekara arba'in da takwas yana yi da jin daɗi.

Delmar, abu ɗaya ka roƙe ni a zauren na ƙi, abu ɗaya ka roƙe ni a baranda, shi ma ga shi na karya. Na gaya mata. Ka yafe mini duka biyun.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Opal, da 'yarku Rhonda da mijinta, da jikokinka biyu, da 'yan'uwanka na ramin kwal da suka rage, da teburin Marvella, da duk mutanen layi na shida. Ubangiji ya sanyaya zukatanku, ya tsaya muku a inda Delmar yake tsayawa. Allah ya jiƙanka, Delmar Sizemore, ya gafarta maka kurakuranka, ya saka maka da alherin duk rufin da ka hau da duk ƙofar da ka tsaya kana hon. Ya haskaka kabarinka fiye da yadda ka haskaka gidajen mutane. Ya ba ka wurin zama a gaba, inda ake ganin komai har ƙarshe, kuma babu wanda zai taɓa gwiwarka ya ce maka tashi. Amin.